Ranar da Umma ta yi wa Kwekawa ta'aziyya

Lahadi ta farko a watan Nuwamba ce, a shekarar da na cika tara, kwana huɗu kacal da tarewarmu a wani gidan sama can kudu da Sparkhill a Birmingham. Ko kwalayen kayanmu ba mu gama kwancewa ba. Abba ya fita tun da safe zuwa jami'a a Aston, domin a lokacin yana karatun digiri na uku, ɗakin gwaje-gwajensa kuwa bai san Lahadi ba. Ƙanena Habibu yana kwance gaban talabijin, ni ina kicin ina yanka albasa, Umma kuma tana tsaye bakin taga da ludayi a hannu, ta manta da dafa-dukar da ke kan wuta. Tagar tana kallon wani ƙaramin ginin jan bulo a tsallaken titi. Tun wajen ƙarfe goma take ganin mutane suna shiga ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu tsofaffi, cikin riguna masu duhu, ba mai ɗaga murya. Ta faffaɗar tagarsu ana hango su zaune a kan bencina sun yi da'ira, kowa kansa a sunkuye, babu waƙa, babu mai wa'azi, wata tsohuwa kuma sai kai hankici fuska take yi. Umma ta ajiye ludayin ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Saratu, an yi wa maƙwabtanmu rasuwa."

Sai na faɗi abin da ke cin Umma a rai a wancan lokacin, in ba haka ba ba za a gane dalilin abin da ta yi ba. A gidan da muka baro a Aston akwai wani tsoho Bature da ke zaune a samanmu. Ya mutu, aka zo aka ɗauke shi, bayan mako biyu wata mota ta zo ta kwashe kayansa, shi ke nan. Ba wanda ya shimfiɗa tabarma, ba wanda ya zauna. Umma ta yi kwanaki tana maganar. Ta ce ita ba sanyin ƙasar nan ne yake ba ta tsoro ba, ba kuma Turancin da ya ƙi zama a bakinta ba. Tsoronta shi ne mahaifinta, wanda take kira Baffa, yana can Gwarzo ya tsufa ga ciwon suga, in labari ya zo wata rana wa zai zauna da ita? A wajenta mamacin da ba a zauna wa ba kamar an yar da shi ne. Saboda haka ta ɗaukar wa kanta alkawarin duk inda ta ga makoki a kusa sai ta je, ko na wane ne.

Ta juye dafa-dukarmu ta rana gaba ɗaya a babbar kularta mai ruwan toka, ta zura hijabi, ta ce in wanke hannu in zo in yi mata tafinta. Habibu ya biyo mu yana ƙunƙuni. A bakin ƙofar muka cire takalma, namu ne kaɗai a wurin, muka shiga muka raɓe a ƙarshen wani benci. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ana jin agogon bango, ana jin cikin wani tsoho yana ƙugi. Umma ta jima tana nazarin fuskoki don ta gano masu gawa, a ƙarshe ta tsayar da shawara a kan tsohuwar nan mai hankici. Ta tashi ta ratsa tsakiyar da'irar, ta durƙusa a gabanta, ta ce mata sannu da haƙuri, Allah ya ba su dangana. Sannan ta juyo ta dube ni. Na faɗa da Turanci, ƙasa-ƙasa. Tsohuwar ta dubi Umma, ta dubi kular, sai ta kama hannunta ta matsa mata wuri a kusa da ita. Ba wanda ya yi dariya. Haka muka zauna har wasu dattawa biyu suka yi musafaha, kowa ya juya ya gaisa da na kusa da shi.

A wajen shan shayi ne tsohuwar ta sunkuyo ta gaya mini a hankali cewa ba wanda ya mutu. Ibadarsu ke nan, haka suke yi kowace Lahadi, ita kuma mura ce take damunta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na fassara wa Umma sai ta rufe baki da gefen hijabi, ta ce to ai abinci ya riga ya zo, ba ya komawa. Suka ɗauko faranta suka ci, yaji ya sa rabinsu hawaye, Umma ta ce da ni a hankali ga shi dai an yi kukan ko ba gawa. Ni ban ga abin dariya ba. Na yi mako guda ina jin haushinta, ina bi ta bayan layi in zan tafi makaranta don kada mutanen su gan ni.

Abba da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma ya shiga laburaren jami'a ya bincika. Ya dawo ya ce wani reshe ne na Kiristoci, Turawa suna ce musu Quakers, su kuma suna kiran junansu abokai, ba su da fada ba su da limami. Umma ta juya sunan a bakinta ya zama Kwekawa, haka kuma ya zauna a gidanmu har yau. Abba ya ce mu da addininmu su da nasu, ba za mu zauna ibadarsu ba, amma maƙwabci yana da hakki. Tsohuwar nan, sunanta Hilda, ita ce mai kula da ginin, tana zaune a wani ɗan gida a jikinsa. Ta ce mu riƙa kiranta Hilda kawai, wai su ba sa saka wa kowa laƙabi, ko sarauniya ce. Umma ta ce ba a gidanta ba, 'ya'yanta ba za su kama sunan sa'ar kakarsu gatsal ba. Aka yi ta ja har aka daidaita a kan Gwaggo Hilda, bayan na yi mata bayanin cewa gwaggo ba sarauta ba ce, dangantaka ce.

Tun da gidanmu ba shi da tsakar gida, lambun bayan ginin ya zama wurin wasanmu ranar Asabar. Ba wasa zalla ba ne. Gwaggo Hilda takan ba ni babban manjagara, Habibu ƙarami, mu tara ganyen da ya zubo mu loda a baro, wani dogon tsoho mai suna Norman ya tura zuwa ramin taki. Da damina muna cire ciyawa tsakanin layukan wake, muna tsince dodon koɗi daga jikin latas muna zubawa a gwangwani, domin Norman ba ya yarda a kashe su, sai dai ya kai su bayan katanga su kuma su dawo washegari. Akwai bishiyar tuffa a lambun, in ta nuna ni nake hawa in girgiza, Habibu yana tara ta a rigarsa. Na koya wa jikokin Norman 'yar gala-gala a kan dandamalin ƙofa, su kuma suka koya mana wasan da ake ɗaura ƙwallon wata bishiya a zare a yi ta gwara su har ɗaya ya fashe. A ƙarshen lambun akwai kaburbura kaɗan, duwatsun kansu ƙanana, duk girmansu ɗaya, suna da shekaru kawai aka rubuta. Ranar da Umma ta gan su ta tsaya ta daɗe, ta ce waɗannan mutanen sun san mutuwa.

Muna aiki Gwaggo Hilda tana ba mu labarin mutanenta, ba da sigar wa'azi ba, kamar dai yadda tsohuwa take ba da labarin danginta. Ta ce sun faro ne a arewacin Ingila fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, mutanen karkara ne da suka yarda cewa Allah yana iya yi wa zuciyar kowane mutum magana ba sai ta bakin wani babba ba, shi ya sa suke yin shiru su saurara. A wancan zamanin talaka yana cire hula in ya ga mai mulki, su suka ƙi, suka ce duk mutum ɗaya ne. A kotu suka ƙi rantsuwa, wai in sai ka rantse za a yarda da kai, ashe sauran maganarka fa? Wannan ya kama Habibu, wanda ba ya iya cewa ya ci abinci sai ya haɗa da wallahi, Umma kuwa ta samu abin yi masa gori. Ta ce 'yan kasuwarsu kuɗi ɗaya suke yankawa ba ragi ba ƙari, har yaro ana iya aika ba a cuce shi ba, Umma ta ce gaskiya ne amma sun kashe daɗin ciniki. Ta ce ba sa zuwa yaƙi, mahaifin Norman ma ya yi zaman gidan yari saboda ya ƙi ɗaukar bindiga. Ba ta ɓoye mana cewa wasu daga cikin na farkonsu sun mallaki bayi ba, kafin jama'ar ta gane ta haramta wa kanta, ta kuma shiga gaba wajen yaƙar cinikin.

Labarin da ya fi zama mini shi ne na yara. Ta ce akwai lokacin da hukuma ta hana su taruwa, a wani gari aka kwashe manyan gaba ɗaya aka kulle. Da Lahadi ta zo sai 'ya'yansu, wasu ba su wuce shekaruna ba, suka je suka zauna a wurin da iyayen suke zama. Aka kore su, aka dake su, mako na gaba suka dawo. Na tambaye ta me suka yi a wurin. Ta ce ba su yi komai ba, zama suka yi. A lokacin na ga labarin bai ƙare da kyau ba, na so a ce sun fasa gidan yarin.

Zumunci ya ƙullu ta hanyar kular nan. Duk Sallah Umma takan cika ta ta ba ni in kai. Karon farko Gwaggo Hilda ta dawo da ita a wanke tas, ba komai a ciki, Umma ta ce da ni da Hausa mutanen kirki ne amma ba su san ba a mayar da kwano haka ba. Ni kuma da ba a ajiye magana a cikina na je na fesa mata. Daga ranar kular ba ta sake dawowa ba sai da tuffa, ko biskit, ko kwalbar zuma.

A shekara ta biyu, mako biyu bayan Babbar Sallah, wayar gidan ta yi ƙara ranar wata Litinin muna shirin makaranta. Kawuna ne daga Gwarzo. Baffa ya rasu bayan sallar asuba, za a kai shi kafin azahar. Fasfunanmu duka suna can an aika don sabunta biza, ko da jirgi yana bakin ƙofa ba inda za mu. Umma ba ta yi kuka ba. Ta yi ta maimaita salati tana naɗe kayan wankin da ta riga ta naɗe. Da yamma Hausawan Birmingham suka zo, likitoci da ɗalibai da matansu, falo ya cika, aka yi addu'a, aka kawo abinci. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba na zargin kowa. Amma kowa da abin da ke jiransa. Matar wani likita ta rungume Umma a bakin ƙofa ta ce, "Ki yi haƙuri Maman Saratu, gobe ina early shift, sammako zan yi, ga school run na kai yara makaranta, amma weekend in sha Allahu muna nan."

Ranar Talata Abba ya fita neman yadda za a karɓo fasfo da gaggawa, ya ce mu zauna gida da Umma. Da hantsi ta tura kujeru jikin bango, ta shimfiɗa darduma da zannuwa a ƙasa, ta jera kofuna da dabino a tire, ta buɗe ƙofar falo ta tokare ta da takalmi. Ta zauna da carbi tana fuskantar ƙofar. Ta san ba mai zuwa, amma ta shirya kamar a Gwarzo take. Duk motar da ta tsaya a titi sai ta ɗaga kai. Na janyo Habibu muka zauna a gefenta, na ce masa in ya motsa sai na mintsine shi. Muka yi ta zama, mu uku, shayi ya huce a fulas. Wajen azahar, ba da mu take ba, ta ce, "Baffa bai taɓa barin makokin kowa ba a Gwarzo. Ga 'yarsa ta fari ko mutum ɗaya ba ta tara masa ba."

Na tashi kamar zan shiga banɗaki, na sauka, na tsallaka titi ba ko rigar sanyi. Ni da na yi mako guda ina ɓuya saboda kunyar abin da Umma ta yi, ni ce na tsaya ina dukan ƙofar Gwaggo Hilda da hannu biyu. Na gaya mata wannan karon da gaske an yi mutuwa. Ta tambaye ni me ake kawowa, fure ko kati, me kuma ake faɗa. Na ce ba a kawo fure, ba a kuma yin dogon magana. Ana cire takalmi ne a shiga a zauna, mata a ciki, maza a waje. Ta ce a zauna har yaushe? Na ce har a gaji, wani ya zo ya karɓa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wannan kam mun iya." Ta ɗauki waya.

Ba a yi awa guda ba muka ji takun ƙafa a matakala, a hankali, irin na masu ciwon gwiwa. Su huɗu ne mata, Gwaggo Hilda a gaba da kular Umma, wadda take wajenta tun Sallah. Sun jera takalmansu a ƙasa. Na nuna musu kujeru suka ƙi, suka yi ta dafa bango har suka kai ƙasa. Tun a bakin ƙofarta Gwaggo Hilda ta sa na koya mata kalma biyu, ta yi ta maimaitawa. Ta matso gaban Umma ta kama hannunta, kamar yadda ta kama shi ranar farko, ta ce, "Ya haƙuri." Umma ta buɗe baki za ta amsa, sai kukan da ta riƙe tun jiya ya ƙwace. Ba wadda ta ce mata ta daina. Suka bar ta ta yi, suna zaune. Norman kuwa, da yake na ce maza a waje, ya ɗauko kujerarsa mai naɗewa ya kafa a kan dandamalin matakala inda iska take kaɗawa, ya zauna shi kaɗai da hula a gwiwa. A nan Abba ya dawo ya same shi, ba fasfo, ya zauna kusa da shi a kan matakala. A cikin kular romon dankali ne, ko ƙwayar barkono babu, Umma ta shanye kwano guda, abincinta na farko tun Litinin.

Haka suka yi ta zuwa bibbiyu, safe da yamma, har Asabar da mutanenmu suka dawo. Daga baya na ga takardar da suka manna a bangon kicin ɗinsu, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da zai karɓa. Umma tana jan carbinta, su suna nasu shirun, ba wanda ya shiga addinin wani. Fasfo bai fito ba sai bayan arba'in.

Yanzu ina zaune a Withington a Manchester, ina aikin haɗa magunguna, Abba da Umma sun daɗe da komawa Kano. Bara Umma ta zo mini wankan jego na haihuwata ta biyu. Tana nan 'yar Norman ta kira ni ta ce Gwaggo Hilda ta rasu, za a yi mata zama ranar Asabar. Umma ta ce ba ibada za ta je ba, makokin maƙwabciya za ta je. Ta dafa dafa-duka ta rage yaji, muka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham da jaririya a goye. Bencinan suna nan, agogon ma yana nan, mutanen dai sun ragu. A irin wannan zaman duk wanda ya ji yana da abin faɗa game da mamacin yana iya tashi. An daɗe ana shiru, sai na ji Umma ta dafa kafaɗata ta miƙe, ita ma yanzu gwiwa ta fara ba ta wahala. Ta ce, "Ranar da aka binne ubana ina garin nan, ban ga ko likkafaninsa ba. Matar nan ta hau bene ta zauna da ni. Yau na zo in zauna muku. Allah ya ba ku haƙuri." Ta juyo ta dube ni. Na tashi na fassara, wannan karon da ƙarfi, yadda na bayan ɗaki zai ji.

A yau in aka yi wa wani rasuwa a cikinmu, kafin a kai gawa waya ta cika da saƙonnin ta'aziyya, ni ma ina cikin masu turawa, ina tsaye bayan kantar magani tsakanin mai karɓar magani da mai bi masa. Ba laifi ba ne, haka zaman ya zo mana. Sai dai nakan tuna falon nan da kofuna a jere da ƙofa a tokare da takalmi, sai in nemi hutun ranar Talata, ranar da na san kowa ya koma aiki, in ɗauki kula in tafi. Har yanzu ban iya maganar da ake yi wa mai makoki ba. Zama dai na koya.